Tashi Daga Windows Zuwa Linux: Shawara Ga Malamai Masu Zane Da Kwamfuta

Daga wani Jami'in Ilmi

Ran 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye hannunsa daga Windows 10, watau babbar manhajar nan da ke tafiyar da yawancin kwamfutocin da mu ke gani a hannun malamai da ɗalibai. Labarin bai yi ƙara a ƙasar nan ba, gama babu kwamfutar da ta mutu a ran nan. Wanda ya kunna tasa da safe ya tarar da ita yadda ya bar ta jiya. Abin da ya faru shi ne, an daina aiko mata da gyare-gyaren nan na wata-wata waɗanda ke toshe kafofin da ɓarayin intanet ke shigowa ta ciki. Kamfanin ya buɗe wata 'yar ƙofa ta ƙarin wa'adi zuwa watan Oktoba na 2026 ga wanda ya yi rajista, amma wannan jinkiri ne kawai, hukunci ya riga ya fita.

Kada mai karatu ya ɗauki wannan da wasa. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja da a ke kira WannaCry ta bi ta wata kafa a cikin Windows, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, har ta tsai da aiki a asibitoci da dama na Ingila. Waɗanda abin ya shafa kuwa su ne waɗanda ba su sa gyaran da ya toshe kafar ba. Gidan da aka daina yi wa yaɓe ba ya faɗuwa a damina ta farko, amma kowa ya san inda a ke nufa.

Waɗanda na ke so in yi magana da su a nan su ne malamai da ɗaliban kwalejojin horon malamai masu yin zane da kwamfuta. Suna da yawa fiye da yadda a ke zato. A cikin waɗanda ke zo mana daga Jangeru da Shinkafi da Zurmi da Ƙauran Namoda, da wuya a rasa 'yan kaɗan a kowane aji waɗanda hannunsu ya faɗa da zane. Su ne ke shirya wa 'yan'uwansu kayan koyarwa: jadawalin baƙaƙe da wasula, taswirar Jihar Zamfara, hoton sassan tsiron gero, hoton yadda sauro ke yaɗa zazzaɓi. In an tashi daga makaranta kuma su ne ke yi wa mutanen gari katin ɗaurin aure da na walimar saukar Alƙur'ani, da kalanda, da allon shago. Da wannan ɗan abin da su ke samu wasunsu ke biyan kuɗin makaranta. Ga irin waɗannan, kwamfuta gona ce, manhajar zane kuma ita ce fartanya.

Me ya hana a hau Windows 11?

Tambayar da kowa zai fara yi ke nan. Windows 11 ta fito a watan Oktoba na 2021, kuma ba a biyan kome wajen hawanta ga wanda ya mallaki Windows 10 ta halal. Sai dai tana da sharuɗɗa. Tana neman wani ɗan guntun abin tsaro da a ke kira TPM 2.0 a jikin kwamfuta, tana kuma neman injin sarrafawa na zamani, watau in na Intel ne, daga zubi na takwas zuwa sama, wanda ya fara shiga kasuwa wajen ƙarshen 2017. To, kwamfutocin da ke iso mu ta hanyar Ikeja da Kano yawancinsu na hannu ne, sun yi aikinsu a ofisoshin Turai da Amurka kafin a sallamo su. Da yawa daga cikinsu an ƙera su kafin wannan lokaci. Lafiyarsu ƙalau, suna iya yin shekara biyar nan gaba suna aiki, amma Windows 11 ba ta karɓe su ba. Masu gyara sun san dabarar da a ke tilasta mata ta hau, amma Microsoft ya faɗa a fili cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan kwamfuta gyara ba.

Saura hanya uku. Ko mutum ya sayi sabuwa, abin da albashin malamin firamare ba zai ɗauka ba, balle tun da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023. Ko ya zauna a kan Windows 10 ya yi ta addu'a. Ko kuwa ya tashi ya koma wata babbar manhajar. Wadda a ke komawa ita ce Linux, wadda wani ɗalibi mai suna Linus Torvalds ya fara a birnin Helsinki na ƙasar Finlan a 1991, aka kuma bar ta kyauta ga kowa. Iri-iri ce. Akwai Ubuntu wadda Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, ya fitar a 2004, akwai kuma Linux Mint wadda aka gina a kan Ubuntu ɗin tun 2006, ita ce kuwa ta fi kama da Windows a ido, don haka na fi son ta ga sabon shiga. Ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta mai gigabait huɗu na ƙwaƙwalwar aiki tana ɗaukarta.

Ga mai buga wasiƙa da mai duba intanet, wannan tashi ba shi da wata wahala. Ga mai zane kuwa, a nan gizo ke saƙar.

Mutanen Ƙauran Namoda ba su bukatar dogon bayani a kan dalili. Jirgin ƙasa ya iso garinsu a 1929 a kan layin dogo mai faɗin ƙafa uku da inci shida. Sabon layin da aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna a 2016 ya fi wancan faɗi, ƙafa huɗu ne da inci takwas da rabi. Ka ɗauko taragon tsohon layi, kome kyansa, ka ɗora a kan sabo, ba inda za shi. Haka manhajar zane ta ke da babbar manhaja: an ƙera ta ne daidai faɗin layin da za ta hau. Photoshop, wadda ta fito a 1990, ba a taɓa yi mata zubin Linux ba. Clip Studio Paint ta Japan, wadda masu zanen labaran hoto ke so, ita ma haka. CorelDRAW kuwa, wadda ita ce sarauniya a shagunan ɗab'i na ƙasar nan, kamfaninta na Kanada ya taɓa fitar da zubin Linux a shekarar 2000, sa'an nan ya watsar. Saboda haka wanda ya kai kwamfutarsa aka goge Windows aka sa Linux, ya dawo gida ya nemi CorelDRAW, ba zai same ta ba, faifan da ya saba sa ta da shi kuma ba zai yi aiki ba.

Fartanya tukuna, gona daga baya

Shawarata ɗaya ce, sauran duk rassanta ne. Kada a fara da sauya babbar manhaja. A fara da sauya manhajar zane tun a na kan Windows, sai hannu ya saba, kana a tashi.

Abin da ya sa wannan ya yiwu shi ne, manhajojin zanen da ke aiki a Linux suna aiki a Windows ma. Taragu ne da aka yi musu ƙafafu na kowane layi. Ta farko ita ce Krita, wadda wata gidauniya a ƙasar Holan ke kula da ita, aka fara fitar da ita ga jama'a a 2005. Sunanta kansa ya dace da malami, gama a harshen mutanen Suwidin ma'anarsa alli. Ita aka yi domin zane da alƙalami da fenti, watau aikin da mai zane ke yi da hannu. Ta biyu Inkscape, tun 2003, ita ce kishiyar CorelDRAW, domin tambari da kati da duk zanen da a ke son a faɗaɗa shi daga girman tafin hannu zuwa girman bango ba tare da ya dushe ba. Ta uku GIMP, wadda wasu ɗalibai biyu na jami'ar Berkeley a Amurka suka fara a 1995, ta kuma kai zubi na uku a watan Maris na 2025. Aikinta gyaran hoton da aka ɗauka da kyamara. Duka ukun kyauta ne, kyauta ta halal, da izinin masu su.

Kada a ce kayan wasa ne don ba a biya. Wani Bafaranshe mai suna David Revoy ya yi shekara fiye da goma yana cin abinci da Krita a kan Linux, da ita ya ke zana labarinsa na hoto mai suna Pepper&Carrot tun 2014, an kuma fassara shi cikin harsuna da dama. Wanda ya ga aikinsa ba zai sake cewa laifin burushi ne ba.

Amma fa sabo turken wawa ne, mai wayo ma yana ɗaure da shi. Mutumin da ya shekara biyar yatsunsa na danna maɓallan CorelDRAW ba tare da ya duba ba, ran da ya buɗe Inkscape zai ji kamar an ɗaure masa hannun dama. Abin da ya ke gamawa cikin minti goma sai ya ɗauke shi sa'a guda. Wannan ba makawa, kuma shi ya sa na ce a yi shi a kan Windows, inda tsohuwar manhaja ke nan kusa. In aikin gaggawa ya zo, ga ango na jiran katinsa gobe, sai a koma mata a gama, a sallami mai kaya. In ba gaggawa, sai a daure a yi da sabuwa. Krita ma tana da wani tsari a cikinta da ke mai da maɓallanta irin na Photoshop, domin sauƙaƙa wa baƙo. A ganina zango guda na karatu, watau wata uku, shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata mutum ya ba kansa. Wanda ya haɗa sabuwar babbar manhaja da sabuwar manhajar zane a rana ɗaya, in abu ya ƙi, ba zai san wacce ce ta ƙi ba, ƙarshenta sai ya la'anci duka biyun ya koma inda ya fito.

Kayan da ke cikin rumbu

Manhaja a na iya sake ta. Aikin da mutum ya tara na shekaru shi ne ba shi da madadi, kuma shi a ke mantawa da shi sai an riga an tashi.

Kowace manhaja tana ajiye aikinta cikin irin nata ƙunshin. Photoshop tana ajiyewa a PSD, CorelDRAW a CDR. Krita tana buɗe PSD, falle-fallen zanen su fito kowanne daban yadda aka jera su, amma wasu ƙawace-ƙawacen da Photoshop kaɗai ta san sirrinsu ba su kan iso yadda aka bar su ba. Burusan Photoshop ma in an shigo da su, siffar bakin burushin ce kawai ke zuwa, yadda aka saita shi sai an sake. Inkscape tana buɗe CDR, haka ma LibreOffice Draw, sai dai sau da yawa inuwa ta kan ɓace, rubutu ya goce daga mazauninsa, musamman in da sabon zubin CorelDRAW aka yi aikin. Dalili kuwa, kamfanin bai bayyana wa duniya yadda ya ke ɗaure ƙunshinsa ba, masu Inkscape da 'yan'uwansu lalube suka yi har suka gano abin da suka gano.

Maganin wannan yana hannun mai aikin, muddin tsohuwar manhajar na buɗewa. Ya zauna ya bi ayyukansa masu muhimmanci ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da kowanne cikin ƙunshin da kowa ke iya kwancewa: SVG ko PDF ga aikin CorelDRAW, PNG ko TIFF ga hoton da aka gama. Ya ajiye na asalin ma, kada ya goge. Sa'an nan ya kwafe duka a wuri biyu da ba cikin kwamfutar ba. Aiki ne mai gajiyarwa, na sani, kuma ba wanda zai biya ka ladansa. Amma wanda ya gaji akwatin takardun kakansa na ajami alhali boko kaɗai ya iya, ya san yadda a ke zama da dukiya a hannu a rasa mabuɗinta.

Haruffa masu lanƙwasa

Ga wata matsala da ba za ka same ta cikin littattafan Turawa ba, don ba ta dame su ba. Tun shekarun 1930, zamanin da Dokta Rupert East ke shugabancin ofishin talifi a Zariya, aka tsai da rubuta Hausar boko da haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ. Da kwamfuta ta zo, ba ta zo da su ba. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙirƙiro zubin haruffan kwamfuta masu ɗauke da su, marubuta da maɗaba'u suka ji daɗi ƙwarai. Sai dai duk zubin haruffa na wancan zamani dabara ɗaya ya ke bi, ya ari mazaunin wata alama da ba a cika amfani da ita ba, ya zaunar da harafi mai lanƙwasa a wurin. Muddin zubin na cikin kwamfutar, kome daidai. Ran da aka buɗe aikin a kwamfutar da ba ta da shi, sai mai mazauni ya dawo mazauninsa, ka ga baka ko wata alama ta tsaya a inda ƙ ya ke.

Har yau akwai shagunan da ke aiki da irin waɗannan tsofaffin zubi, ɗalibanmu kuma daga can su ke kwafowa. To, mai tashi zuwa Linux ya lura da abu biyu. Na ɗaya, ya kwafe duk zubin haruffan da ya taɓa aiki da su, gama Linux tana karɓar irin waɗanda Windows ke karɓa, ajiye su kawai za a yi a inda ya dace. A tsofaffin ayyukan CorelDRAW kuma, kafin a fitar da su, a mai da rubutun ya zama zane, yadda ba zai ƙara neman zubin haruffa ba, amma a bar wani kwafi da ba a mayar ba saboda gyara. Na biyu, duk sabon aiki a yi shi da tsarin Unicode, inda kowane harafi na kowane harshe ya ke da lambarsa ta kansa, har da ɓ da ɗ da ƙ manya da ƙanana. Linux tana zuwa da tsarin madannai na Hausar Nijeriya a cikinta, zaɓarsa kawai a ke yi. Akwai kuma zubin haruffa na kyauta da ke ɗauke da namu cikakku, kamar Noto da Charis da Andika. Wannan na ƙarshe ina yaba shi ga malaman aji ɗaya da aji biyu, domin an tsara shi ne musamman saboda masu koyon karatu, siffar harafinsa ta yi kusa da yadda malami ke rubutawa a allo.

Wani zai ce wannan ƙaramin abu ne. Malamin da ya rataya jadawali a bango an rubuta kofa a inda a ke nufin ƙofa, ko bari a inda a ke nufin ɓari, yara sittin ne za su kwafe shi cikin littattafansu, su kuma tafi da shi har girma.

Alƙalami da firinta

Masu zane da allon nan na lantarki, irin na Wacom ko Huion ko XP-Pen, su ma akwai abin dubawa. Amfanin allon shi ne yana jin nauyin hannu, ka danna layi ya yi kauri, ka sassauta ya yi siriri. Wannan kuwa sai da wata 'yar manhaja da ke tafinta tsakanin allon da babbar manhaja. Yawancin allunan Wacom Linux ta san su tun daga gida, a na sa su su kama aiki. Na sauran kamfanonin wasu su kan kama nan take, wasu sai an nemo musu tafinta daga kamfanin, ko kuwa wata ta kyauta mai suna OpenTabletDriver. Ba sai an yi caca ba. A na iya zuba Linux Mint a kan filashi, a tayar da kwamfuta daga jikinsa ba tare da an taɓa Windows ko kaɗan ba. A nan sai a jona allon a ja layi a gani, a jona firinta a buga shafi guda, a gwada intanet da sauti. In duk sun amsa, madalla. In allon ya ƙi, an sani tun ba a rushe kome ba, a cire filashi, Windows na nan inda ta ke.

Wanda ba zai iya rabuwa da CorelDRAW ba

Akwai wanda duk wannan bayani ba zai raba shi da tsohuwar manhaja ba, kuma ba taurin kai ba ne. Mai yin kati a Shinkafi ba shi ke bugawa ba, Gusau ya ke aikawa ko Sakkwato ko Kano, masu injin kuma da yawansu CDR su ke nema, don shi su ke iya buɗewa su gyara. Akwai kuma batun launi. Fuskar kwamfuta tana haɗa launi da haske iri uku, injin ɗab'i kuwa da tawada iri huɗu, shi ya sa koren da ya yi shar a fuska ya kan fito a dushe a takarda. Krita ta iya aiki da tsarin tawada huɗu. Inkscape a nan ta ke da rauni, sai an bi da aikin ta wata manhajar kyauta mai suna Scribus kafin a kai wa mai inji. Don haka kafin ka yanke shawara, ka tambayi mai buga maka ko zai karɓi PDF. Da yawa suna karɓa. In ya ce a'a, kuma ba ka da wani, to, kana bukatar CorelDRAW.

Masana za su ambata maka Wine, wata manhaja da aka fara tun 1993, wadda ke tafinta tsakanin kayan Windows da Linux. Tana aiki, tsofaffin zubin Photoshop ma sun kan tashi a kanta. Amma sababbin zubi na Photoshop da CorelDRAW ba abin dogara ba ne a kan Wine, yau su buɗe, gobe wani sashe ya ƙi. Za su kuma ambata maka dasa Windows a cikin Linux kamar ɗaki a cikin ɗaki, da manhaja irin VirtualBox. Wannan yana cin ƙwaƙwalwar aiki, kwamfuta mai gigabait huɗu ba za ta ɗauka ba, nauyin alƙalami kuma sau da yawa ba ya ratsawa. Mutumin da ke zaune a birni, mai gyara na bayan gidansa, yana iya gwada waɗannan. Wanda ke Jangeru, wanda zuwa wurin mai gyara ke nufin hawa hanyar da kowa ya san halin da ta ke ciki a shekarun nan, ban ba shi wannan shawara ba.

Abin da ya fi masa shi ne ya raba rumbun kwamfutar biyu, Windows a gefe, Linux a gefe, in ya kunna ta tambaye shi wacce zai shiga. Windows ɗin ya yanke ta daga intanet ƙaf, ta zama ɗakin zane kurum. Duk abin da ya shafi intanet, da saƙo, da banki, da sauko da kaya, a Linux. Ɓarawo ba ya shiga ta ƙofar da aka toshe da bulo, sai dai a kula da filashin mutane, gama shi ma hanya ce. Kafin a raba rumbun a kwafe kome, in kuma Windows ɗin tana kulle da BitLocker a rubuta mabuɗinta a takarda, in ba haka ba a na iya wayar gari ta ƙi buɗewa.

Wannan dabara tana da iyaka. Tun 2013 kamfanin Adobe ya daina sayar da sababbin zubin Photoshop sayarwa ta har abada, haya ya ke bayarwa, manhajar kuma tana neman a haɗa ta da intanet lokaci-lokaci ta tabbatar an biya. Mutanen Zamfara sun san abin da wannan ke nufi. Ran 3 ga watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya da intanet a jihar baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni da yawa kafin a maido da su. Kayan aikin da sai ya nemi izini daga wata ƙasa kafin ya buɗe, bai dace da wurin da layi ke iya ɗaukewa haka ba. Na san amsar da wasu za su bayar a zuci, cewa tasu ba ta neman izinin kowa don fasasshiya ce. Gaskiya ne yawancin abin da ke yawo ke nan. Amma fasasshiyar manhaja tana daga manyan hanyoyin da cuta ke shiga kwamfuta, kuma ni dai ban ga yadda malami zai tsaya gaban aji yana koyar da amana da kayan da ya san ba a ba shi ba.

Kwalejojinmu fa?

Nauyin bai tsaya kan ɗalibi kaɗai ba. Jihar Kerala ta ƙasar Indiya ta mai da kwamfutocin makarantun gwamnatinta kan Linux tun shekarun 2000, abin kuma ya zauna, domin sun haɗa da horar da malamai da sake littattafan koyarwa. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya yi shekaru yana aikin, sa'an nan majalisar birnin ta ƙada ƙuri'ar komawa Windows a 2017, cikin koke-koken da aka yi kuwa har da na manhajojin aiki da ba su da zubin Linux. Duk kwalejin da ke tunanin sauya ɗakin kwamfutarta, ko a Maru ko a Gusau ko a Ƙauran Namoda, ya kamata ta fara zama da malaman sashen zane da na koyar da Hausa ta ji abin da su ke aiki da shi, tun kafin a kira mai gogewa.

Ina kuma ganin lokaci ya yi da za mu daina rubuta sunan manhajar kamfani a cikin manhajar karatu kamar shi ne darasin. Abin da ɗalibi ke bukata ya sani shi ne yadda a ke jera falle a kan falle, da bambancin zanen ɗigo-ɗigo da zanen layi, da yadda launi ke sauyawa tsakanin fuska da takarda. Wanda ya san waɗannan a Krita da Inkscape, in ya sami aiki a shagon da ke da CorelDRAW, mako biyu ya ishe shi. Kuma in ya gama kwaleji aka tura shi ƙauye, yana da ikon tafiya da kayan da ya koya a kai, ba tare da ya saci na kowa ba.

Batun kuɗin data shi ne na ƙarshe, kuma ya fi sauran sauƙi. Linux Mint wajen gigabait uku ce. Krita ta Linux tana zuwa a dunƙule cikin fayil guda da a ke kira AppImage, ba ta bukatar a girka ta, kwafe ta kawai a ke yi a ba ta izinin tashi, ba ta kuma neman intanet bayan haka. Lasisin waɗannan kaya ya yarda a kwafa a ba wani, ko mutum nawa ne. Saboda haka ɗalibi ɗaya da ya sauko da su a kwaleji kafin hutu, ya haɗa da Inkscape da zubin Andika, ya isa ya wadatar da duk masu zane na garinsu. Filashi biyu zai tanada, ɗaya mai gigabait takwas domin tayar da Linux, ɗaya kuma domin sauran kayan, gama zuba Linux a kan filashi yana goge duk abin da ke cikinsa.